Wushiryar Dada

Ƙamshin kanumfari ne ya tarbe mu tun daga bakin ƙofa. Na ɗauka wani ne ke dafa shayi a bayan ginin, sai daga baya ma'aikaciyar jinya ta ce maganin cike ramin haƙori ne ke wannan ƙamshi. Dada, mahaifiyata, ta tsaya a kan matakala ta shaƙa ta cikin mayafinta, ta ce, "To, gidan da ke ƙamshin kunun zaƙi ba zai yi mugunta da yawa ba." Wannan ne zuwanmu na farko asibitin wata likitar haƙori a Jimeta.

Ina rubuta wannan ne domin masu iyaye irin tawa, waɗanda ko ƙaya ce ta shiga idonsu za su ce maka lafiya lau.

Haƙoran Dada biyu na sama, na gaba, a kan hanya suka zube, shekarar da muka gudo daga Mubi. Ina da shekara takwas. Muna cunkushe a bayan a-kori-kura, direba yana gudu kamar zai tashi sama, motar ta faɗa rami, bakin Dada ya daki ƙarfen da ke jikin motar. Maƙwabciyarmu Mama Nkechi, mai shagon kwanuka, ita ta yage gefen zaninta ta toshe mata jinin har muka iso Yola. Gidanmu na can ya ƙone da duk abin da ke cikinsa, har da hotuna. Muka zauna a Mbamba, a filin dangin Baba, muka sake rayuwa daga tabarma ɗaya.

Tun daga nan Dada ta koma magana ta bayan mayafi. In abin dariya ya zo, kafaɗunta ne ke rawa, hannunta kuwa ya riga ya kai baki. Da ma can ba ta cin abinci a gaban mutane, haka aka tarbiyyantar da ita, shi ya sa muka daɗe ba mu lura ta bar rake da kilishi da gasasshiyar masara ba. Sau ɗaya aka yi mata haƙorin roba na cirewa a asibitin gwamnati, bayan mun bi layi sau uku, kowanne daga safe har azahar. Wata rana a gidan suna a unguwar Ajiya ya suɓuce ya faɗa cikin kwanon fura a gaban mata. Ta dawo gida ta saka shi a gwangwani, ba ta ƙara kallonsa ba.

Shekara goma ke nan ina girma a gaban uwar da ban san dariyarta ba. Abin da nake so a duniya ɗaya ne: in ga Dada ta saki mayafin nan.

Yayana Hamma Bello, ɗan farinta, shi ya jiyo labarin dashen haƙori a Abuja inda yake aiki, ya ce zai ɗauki nauyi. Ni kuma na gama sakandare ina jiran shiga jami'a, sai jinyar ta faɗo kaina.

Likitar 'yar Numan ce, doguwa, mai fara'a. Ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali.

"Mama, ƙarfe biyu za mu dasa a cikin ƙashi, kamar ƙusa, su zama saiwa. Amma ba da ka za mu yi ba. Kwamfuta ce za ta fara ganin ƙashin ciki da waje, mu zaɓi wurin a kanta. Sannan a buga mana wata roba mai rami biyu, ta hau kan haƙoranki ta zauna daram. Ta ramin nan kaɗai abin hudawa zai bi. Ko hannuna ya so ya karkace, robar ba za ta bar shi ba."

Da na mayar wa Baba wannan bayani a gida, shi da ya shekara talatin yana koyarwa a firamare, sai ya ce, "Wato rula." Daga ranar sunan robar a gidanmu ya zama rula.

Shawarar dangi kuwa ta zubo kamar ruwan Agusta. Goggo Adama, yayar Baba, ta ce in dai kuɗi za a kashe, a sa mata haƙorin Makka kowa ya gani ya san an kashe. Kawu Sali ya rantse ƙarfe a cikin kai yana jan tsawa, ya ce da damina kada a bar ta ta fita shanya. Baba da ya ji abin da Hamma zai biya, sai ya ce kowane haƙori saniya guda ke nan, Allah ya sa su yi nono. Dada tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Ƙorafina na farko shi ne hoton. Asibitin likitar ba shi da na'urar da ke ɗaukar ƙashi ta kowane gefe, sai da ta tura mu Abuja. Tun gudun Mubi Dada ba ta ƙara yin doguwar tafiya a mota ba. Ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu, ta datse leɓɓanta ciki, duk ramin da muka faɗa sai na ji numfashinta ya tsaya. Da muka isa, na'urar ta zagaya kanta sau ɗaya tana ƙara kamar ƙudan zuma, aka ce an gama. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, domin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Mako na biyu muka koma Jimeta. Likita ta juyo mana da fuskar kwamfuta, sai ga ƙashin kan Dada yana juyawa a hankali, fari, kamar wata a cikin randa. Na kasa ɗauke ido. Dada ta ce, "A'uzubillahi, tun ban mutu ba?" Likita ta yi dariya ta nuna mana inda ƙashin ya sirance.

"Ƙashi ba ya son zaman banza," in ji ta. "In babu haƙori a kansa sai ya riƙa janyewa. Kun zo a kan gaɓa, akwai sauran da zai riƙe."

Daga nan ta danna wani abu, haƙora biyu suka fito a giɓin. Ta ɗan karkata kai.

"Filin nan ya fi haƙori biyu faɗi kaɗan. Mama, da can akwai 'yar ƙofa a tsakaninsu?"

Dada ta sunkuyar da kai. "Duk yadda kuka gani, Likita."

Likita ta juyo gare ni. "Asta, ke fa, kin tuna?"

A nan na yi kuskuren da ya sa nake rubutun nan. Na rufe ido na nemi fuskar Dada ta Mubi. Na ga mangwaron tsakar gidanmu, na ga shuɗin bokitin wanka, na ga har kazar da ke kwana a kan turmi. Bakin Dada ne kawai ban gani ba. Kunya ta hana ni cewa na manta, sai na ce, "Babu. A haɗe suke."

Dada ta ji ni sarai, ta bar maganar a haka. Kwamfuta ta faɗaɗa haƙoran biyu suka cike filin tsaf, santala-santala, babu inda iska za ta bi.

Rular daga Legas aka bugo ta. An ce kwana biyar, ta yi sha shida, domin direban da aka ba saƙon ya wuce da ita Jalingo. Kullum sai na hau keke na je tasha na dawo hannu biyu, a cikin zafin nan na Yola da ke dafa mutum da rigarsa. Da ta iso sai na gan ta 'yar mitsitsiya, garai-garai kamar ƙanƙara, ba ta cika tafin hannuna ba.

Aikin kansa bai kai tsawon wankin kai da kitso ba. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka ɗora rular, na ji ƙarar injin daga bayan labule sau biyu. Wuta ta ɗauke a tsakiya, janareto ya karɓa kafin in gama salati. Dada ta fito da auduga a baki ta ɗaga min yatsu biyu, wai an dasa.

Makon farko leɓenta ya kumbura kamar an hura. Likita ta ce ƙanƙara a tsumma a ranar farko, daga baya kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a hankali, ba da ƙarfi ba. Goggo Adama ta zo da garwashi da tsumma za ta gasa mata, wai haka ake yi wa kowane kumburi tun zamanin kakanni. Na tsaya a ƙofar ɗaki, ni da ban taɓa yi wa babba musu ba, na ce Goggo ki yi haƙuri. Ta ce, "'Yar boko, kwamfutar ce ta haife ki?" Ta yi fushi na yini ɗaya, washegari ta dawo da kindirmo mai sanyi. Kunu ma sai ya huce nake ba Dada, da cokali. Asuwaki kuwa an hana shi zuwa wurin.

Abin da na koya a makon nan: kada ka tambayi Bafulatana ko tana jin zafi. Za ta ce a'a. Ni hannunta nake kallo. In ta fara murza gefen zani, na san lokacin magani ya yi.

Mako na biyu kumburi ya saɓe, aka cire zare. Likita ta ce yanzu sai jira, wata uku ko huɗu, "sai ƙashi ya rungumi ƙarfen." Na so wannan magana har na rubuta ta a littafina. Kafin nan ta sa mata haƙoran wucin gadi masu jingina da na gefe, siffarsu ɗaya da waɗanda kwamfuta ta zana, ta ce kada ta ciji komai da su. Ta miƙa mata madubi.

Dada ta duba, ta daɗe. Ta ce, "Alhamdulillahi, sun yi kyau. Allah ya saka." Sannan ta ja mayafi ta rufe baki.

Na ce sabo ne, zai wuce. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Giɓi ya tafi amma hannu bai sauka ba. Har na taɓa leƙa ta tana duba madubin ɗakinta, ta buɗe baki, ta rufe, ta kife madubin. Na koma bayan gida na yi kuka. Hamma yana bugo waya yana tambaya, ina ce masa komai lafiya, ashe ni ma halin uwata na ɗauko.

Ana saura kwana uku a aika Legas a yi haƙoran dindindin, Mama Nkechi ta zo dubiya. Yanzu a kasuwar Jimeta take da shago. Ta shigo da kular farfesun kifi, tun daga zaure ana jin muryarta.

"Ina amarya? Hajara, buɗe in gani! Ni na riƙe bakin nan yana jini, yau za ka ɓoye min?"

Dada ta yi ta noƙewa, Mama Nkechi ta kama mayafin da kanta ta janye. Ta duba. Ta ja baya ta riƙe ƙugu.

"Chineke! Wannan haƙorin wa aka ba ka? Ina wushirya?"

Na ce, "Wace wushirya, Mama?"

Ta juyo ta kalle ni kamar na zagi wani. "Uwarka fa! Duk layinmu a Mubi, in Hajara ya yi dariya, mai kayan miya yana ƙara masa tumatir. Ƙofa ne a nan, ƙarami, mai kyau. Yanzu kun sa masa haƙorin zomo!"

Kafaɗun Dada suka fara rawa, amma idonta ya cika. Bayan baƙuwa ta tafi na durƙusa a gabanta.

"Dada, me ya sa ba ki faɗa ba? Kina ji na ce babu."

Ta ce, "Asta, da girmana, da ɗa mai gemu, in buɗe baki a gaban baƙuwa in ce a yi min ado? Yaron nan ya kashe dukiyarsa don in ci abinci ne." Ta gyara mayafinta. "Kuma na ga ke ma kin manta. Na ce to, ta tafi ke nan, ta bi gidan."

Ashe kowa a gidan ya sani ban da ni. Hamma ɗan fari ne, tsakaninsa da Dada akwai kunyar da ko sunansa ba ta faɗa, ba zai taɓa yin maganar bakinta ba. Baba kuwa, mutumin da bai taɓa kiran matarsa da suna a gabanmu ba, sai dai ya ce "mutanen ciki", ta ina zai fara?

Washegari da sassafe muka cika keke: ni da Dada da Baba, Mama Nkechi ta rufe shago ta same mu can. Likita ta saurare ni har na gama, ta buɗo hoton ta yi ta aune-aune. Ni dai addu'a nake.

"Kun yi sa'a," in ji ta. "Ƙarafan suna zaune inda za su ɗauki haƙori siriri. Haƙoran kawai za mu sake zanawa. Da ƙofar mai faɗi ce sosai, da tun kafin a buga robar ya kamata in sani. To, yaya girmanta? Akwai hoto?"

Babu hoto. Likita ta fara buɗe tsakanin haƙoran a kwamfuta. Dada ta ce duk ɗaya ne. Mama Nkechi ta ce a ƙara, a ƙara, har ƙofar ta isa akuya ta wuce, sannan ta ce a'a, ba haka ba ne, ita ma ta rikice. Likita ta ce, "Wa ya rage?"

Baba yana waje a kan benci da rediyonsa. Na je na kira shi. Ya shigo yana kallon silin.

"Malam, muna neman faɗin wushiryar Mama."

"Ni ina zan san wannan? Abin mata ne."

"To shi ke nan, sai mu bar ta haka," in ji Likita, ta bar ƙofar akuyar nan a kan allo.

Baba ya saci kallo sau ɗaya. Na ga gemunsa ya motsa. Ya ajiye rediyo, ya ciro tabarau, ya matso bayan kujerar likita kamar mai duba jarrabawa.

"Rage. Rage dai. Ya yi yawa, koma kaɗan. Sama ba ta kai ƙasa buɗewa ba, matse saman. Na dama ya ɗan fi na hagu tsawo, kamar kaurin farce." Likita tana bi. "Tsaya."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya ce a hankali, "Ita ce. Haka Allah ya halicce ta."

Mama Nkechi ta buga cinya. "Malam! Ashe kana kallo!"

"Malamin makaranta ne ni," in ji Baba, yana neman ƙofa. "Dole in san fuskar kowa a aji."

Dada ta ja mayafin har kan idonta, amma wannan karon na ji sautin dariyar yana fitowa ta ƙarƙashi.

Mako uku bayan nan haƙoran suka iso, wannan direban bai wuce ko'ina da su ba. Likita ta ɗaura su a kan ƙarafan, ta sa Dada ta cije takarda mai launi, ta goge nan ta goge can, ta nuna min yadda za a riƙa tsabtace gindinsu kullum da ɗan ƙaramin burushi. Ta miƙa madubi. Dada ta duba, ta sa harshe ta taɓa 'yar ƙofar. Ba ta ce sun yi kyau ba. Cewa ta yi, "Sannu da zuwa."

A hanyar komawa, daidai inda mata ke gasa masara a bakin titi, ta taɓa kafaɗar mai keke ta ce ya tsaya. Ta zaɓi mai taushi kamar yadda likita ta ce a fara da shi. Dada, wadda ba ta cin abinci a gaban surukai balle a titi, ta ciji masara a cikin keke, rana tsaka, motoci na wucewa. Ta juyo ta kalle ni da ƙwaya ɗaya maƙale a wushiryar, ta yi dariya, hannayenta duka biyu suna riƙe da masarar. Na ga hasken rana ya bi ta 'yar ƙofar nan ya shiga. Sai kuma na tuna ta, gaba ɗaya, har da inuwar mangwaron a kan fuskarta.

Ga abin da zan ce wa mai shirin kai nasa. Hanyar tana da tsada, tana da jira, kuma kada a yi wasa da tsabta bayan an gama. Kwamfutar ba ta kuskure ko da kaurin gashi a inda aka nuna mata, amma abin da aka faɗa mata kaɗai ta sani. Kafin a buga rula, a nemo hoto. In babu, a nemo wanda ya daɗe yana kallo, ko da ya rantse bai taɓa ba. Ina gode wa likitarmu, da Hamma, da Mama Nkechi da bakinta da ba ya da mayafi.

Sai bayan shekara guda, da Yapendo, ƙanwar Dada, ta zo daga Garwa bikin Hamma, na ji sauran labarin. Muna yanka albasa a tsakar gida ta kama haɓar Dada ta duba, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Adda, wannan ai aikin Buba maƙeri ne sak! Har inda hannunsa ya zame!"

Dada ta jefe ta da bawon albasa, amma magana ta riga ta fita. Ba a haifi Dada da wushirya ba. Tana 'yar shekara sha biyar ta ji wani sabon malamin firamare da aka kawo ƙauyensu yana faɗa wa abokinsa a kasuwa cewa shi mai wushirya zai aura. Ranar kasuwa ta gaba ta ja Yapendo suka je maƙera a ɓoye, ta ba da ƙwaryar man shanu, aka goga mata da zarto tana riƙe da hannun ƙanwarta, ba ta ko yi tari ba. Malamin bai fara ganinta ba sai bayan wata biyu.

Baba bai sani ba har yau, kuma ba ya karanta abin da ake sawa a waya. Ku da kuka san shi a Mbamba, don Allah ku riƙe bakinku.